Yadda Za Ka Kauce wa Sayen Sabuwar Hita Har Matarka Ta Haihu

Hitar banɗakinka ta mutu. Sanyi ya shigo gari. Matarka na da tsohon ciki. An gaya maka kuɗin sabuwa, ka nemi wurin zama.

Kwantar da hankalinka. Ka bi matakan nan, ko kwabo ba zai fita daga aljihunka ba. Tabbas ne, don a gabana aka gwada. Wanda ya gwada shi ne Nasidi, mijin yayata Rumaisa'u, mai shagon tayil a hanyar Baga, mazaunin unguwar Maisandari. Ban ƙara komai ba. Kallo na yi. Tun da na gama sakandare kallo ne aikina, kuma na ƙware.

Mataki na 1: Ka cika baki tun hitar na da rai

Cikin fari ne. Al'ada ta ce idan ya tsufa, mace ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, a yi mata wankan jego da ruwan zafi safe da yamma. Kai ba ka so. In ta tafi, wa zai dafa maka, wa zai goge kaftani? Amma kada ka faɗi haka. Ka je gidan surukarka a unguwar Hausari, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka faɗi abin da Nasidi ya faɗa wa mahaifiyarmu:

"Hajiya, ai zamani ya canja. Gidan akwai komai. Akwai hita. Maɓalli kawai za ta danna, ruwan zafi ya zubo. Ba hayaƙi, ba itace, ba wahala."

Hajiya ta dubi bango, ta ce, "To. Allah ya raba lafiya."

Idan suruka ta ce "to", ka ɗauka ta yarda. Haka wayayyu suke yi.

Mataki na 2: Kada ka yarda ta mutu

Wata safiya jar fitilar jikinta ba za ta kama ba. Ruwa zai zubo kamar daga randa. Matarka za ta ce, "Abban gida, hitar nan fa ta daina."

Ka ce wutar ce ba ƙarfi. A garin da aka yi shekaru ba a ga wuta ba, babu wanda zai musa maka. Idan aka kawo wuta mai ƙarfi har fanka tana neman tashi da silin, ka ce ta yi yawa, hitar tana kare kanta. Ka cire silifas ka ɗan buge ta a gefe. Ka kasa kunne kamar kana jin wani abu. Ka ce hutawa take yi.

Abin da ba ka kira gawa ba, ba wanda zai tambaye ka likkafani.

Mataki na 3: Ka kira mai gyara don ka sami wanda za ka zarga

Nasidi ya kira Yoila, mai gyaran famfo da kayan wuta na unguwarsu. Yoila ya hau kujera, ya kwance murfi. Farin gishirin ruwan bohol ya zubo masa a ka, tsatsa ta biyo baya.

"Oga, wannan ta riga mu gidan gaskiya."

"Gyara dai za ka yi."

"Abin da zan gyara ya narke. Cikin ma ya huje."

"Ka liƙe."

"Da me, oga? Da addu'a?"

Sai ya faɗi kuɗin sabuwa: dubu ɗari da wani abu, ban da bututu, ban da waya, ban da kuɗin aikinsa. A nan ka yi salati mai tsawo, irin na wanda aka yi wa rasuwa. Ka ba shi ruwan leda, ka raka shi ƙofa. Da ya juya baya ka ce wa matarka, "Duk haka suke. Yana da shago da suke raba riba."

Daga nan ka fara zuwa kasuwa da kanka. Ka taɓa kwali, ka tambayi ƙasar da ta ƙera, ka tambayi farashi, ka girgiza kai, ka dawo. Mako mai zuwa ka koma, za ka tarar ta ƙara kuɗi. Wannan alheri ne gare ka, don ka sami sabon dalili: jira kake dala ta sauka. Mutumin da ke yawon tambayar farashi, ba mai cewa bai damu da iyalinsa ba. Ga ƙafa tana shan wahala.

Mataki na 4: Ka zama likita

Da yamma a majalisa, ana shan shayi, ka buɗe darasi. Ruwan sanyi yana sa jini gudu. Yana ƙara ƙarfin ƙashi. Ka gani a waya, wani Bature yana shiga ƙanƙara da gajeren wando. Kakanninmu da suka yi noma a bakin tafkin Chadi, wace hita suka sani?

Wani zai tanka. A majalisarsu Nasidi, Babagana ne, maƙwabcinsa.

"To Nasidi, kai da na sanyin kake wanka?"

"Ni ina da mura."

"Tun bara?"

Kada ka amsa. Ka gyara zaman sabuwar hularka ta Bama. E, ka sayi hula a makon nan, kuma kuɗinta ya kusa rabin na hita. Ba ta cikin lissafi. Hula mutunci ce, kowa yana ganinta. Hita a banɗaki take, wa ke shiga ya gaishe ta?

Mataki na 5: Ka saya mata gawayi

Kai ba azzalumi ba ne. Ka kawo gawayi, rabin buhu, ka ajiye inda za ta gani.

Da sassafe za ta fito tsakar gida ta hura wuta a kurfoti, ta ɗora babbar tukunya. In ya tafasa, ta kama hannuwan tukunyar da tsumma, ta ɗauka, cikin yana gaba, tukunyar tana gaban cikin, ta taka tayil ɗinka mai sheƙi har banɗaki. Sau biyu. Naka ne na farko, don kai ne mai fita nema, kuma ga mura.

In zuciyarka ta fara damunka, ka tuna a asibiti an ce mai ciki ta riƙa motsa jiki. Taimakonta kake yi.

Tayil da ruwa ba sa shiri. Kai da kake sayar da shi ka fi kowa sani. Ranar da santsi ya kwashe ta, ka ce ƙaddara. Ka ce Allah ya taƙaita, tunda ba a kan cikinta ruwan ya zuba ba. Ka ɗauko man goge baki ka shafa mata.

Na je gidan bayan kwana biyu. Na tarar da ita zaune, ta rufe ƙafar da zani. Na ɗaga. Daga idon sawu zuwa yatsu fatar ta tashi, ta yi ruwa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ba komai, Zayyad. Kada ka gaya wa Hajiya."

Na gaya wa Hajiya.

Mataki na 6: Ka mayar da hitar kayan ɗaki

Wannan shi ne babban mataki. Wanda ya iya shi ya gama karatu.

Kowa ya san rabon da aka yi tun kaka da kakanni. Miji ya ba da gida. Iyayen amarya su cika shi: gado, kujeru, labule, tukwane. Abin da ya lalace cikin kayan ɗaki, ba a tuhumar miji. Aikinka kawai ka tura hitar daga wancan ɓangare zuwa wannan.

Hajiya ta zo Maisandari a keke napep, ni ina gefenta. Ta kai Yaya asibiti aka wanke ƙafar aka naɗe. Da muka dawo ta zauna a falo, ba ta cire mayafi ba. Nasidi ya durƙusa a bakin ƙofa. Yaya 'yar fari ce, Hajiya ba ta kiran sunanta.

"Yarinyar nan, an ce maɓalli kawai za ta danna."

"Haka ne, Hajiya. Sai dai na'urar ta sami matsala."

"Sai a sake wata."

"Ana kan shawara." Ya gyara murya. "Hajiya, ba musu nake ba, Allah ya kiyaye. Amma in aka duba, na miji gini ne. Bango, rufi, ƙofa. Abin da aka rataya a jikin bango kuwa, kamar labule, kamar agogo, ai kayan ɗaki ne. Ita kuma hita, rataye take."

"Rataye take."

"Da ƙusa, Hajiya. Ana iya cirewa."

"Wato kayan mace ce."

"A tawa fahimtar."

Ka lura da yadda ya yi. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga kai ba. Rashin kunya in za ka yi wa suruka, ka yi shi a durƙushe.

Hajiya ta dubi ƙafar da aka naɗe. Ta dubi hular Bama. Ta ce, "To."

Mataki na 7: Ka karɓi nasararka

Washegari Hajiya ta sayar da 'yan kunnenta na gwal. Ta aika aka kira Yoila, suka shiga kasuwa, ta sayi sabuwa fil a kwali, ba ta tsaya dogon ciniki ba. Keke ya tsaya a ƙofar gidan Nasidi, kwalin yana baya. Nasidi ya fito da fara'a, har yana cewa a yi hankali da bango wajen shigarwa.

Ba a sauke kwalin ba. Yaya ce ta fito, tana ɗingishi, da jakarta. Aka gyara mata wuri.

Hajiya ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Zayyad, gaya wa mijin 'yar'uwarka na karɓi fatawarsa. Kayan mace ce, mun saya. A Hausari za a rataya. Mai kaya kuma tana inda kayanta suke."

Na gaya masa, duk da yana tsaye yana ji. Na maimaita a hankali, kada wata kalma ta ɓace.

Ka ga aiki ya yi kyau. An sayi hita, ba da kuɗinka ba.

Yaya ta haihu a Hausari, mace, aka sa mata Muhsinat. A can aka yi suna, can ya kai rago. An yi arba'in, an wuce. Yanzu yakan zo da yamma, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a miƙo masa jaririyar ya riƙe kaɗan, a karɓe. Kaftaninsa duk ya yamutse. Murar kuma ta zama ta gaske.

Rannan na ji shi yana magana ta bayan labule, murya ƙasa-ƙasa.

"Rumaisa'u, yaushe za ki dawo ne?"

"Ƙafar ba ta gama warkewa ba."

Ƙafar ta warke. Tabo ne ya rage, shi kuma ba ya tafiya.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin komai. Ba ruwansa da murarka, da tuwon da kake saya a bakin titi, da dariyar majalisa, da 'yarka da ke kuka in ka ɗauke ta don ba ta san fuskarka ba. In ka koma kasuwa ka tarar farashi ya ninka, ka yi ƙarar dala. Kada ka tare ni a hanya ka ce in sa baki, ni ƙane ne, ba a shawara da ni.

In kuma biko za ka yi, kada ka wahalar da dattawa, Hajiya ta riga ta sallami tawaga biyu. Ka turo Yoila ya zo ya shaida da bakinsa cewa ya sa hannu a ruwan gidanka ya janye da sauri saboda zafi.