Ranar da Aka Kama Ni da Haruffan Lawali

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da hassada ta ja mini a tashar Konni. Shekara ashirin ina rubutu da fenti a jikin motoci, kuma haruffana masu ado ne, kowanne da jela da lanƙwasa. Sai ga wani Lawali ya dawo daga Yamai da kwamfuta da injin yanka leda mai manne.

Haruffansa ba su da ado ko kaɗan. Masu kauri ne, dogaye, matsattsu, a tsaye ƙyam. Na bi tasha ina cewa sun yi kama da karan gero bayan girbi. Amma fa Badaguishiri, sunan garin da nake karyawa gida biyu kafin ya shiga gilashin mota, shi a layi ɗaya yake zaunar da shi, kuma daga tsallaken titi ake karantawa. Direbobina suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi abin ya ci ni (har abinci na rage, uwargida ta ɗauka ciwon shawara ne).

Na gwada kwaikwayo a gida, nawa suka fito kamar an zauna musu. Tambayar Lawali kuwa, ai gara in bar sana'ar.

Wata Laraba da azahar, direbobi sun tafi masallaci, na hangi wata mota da sabon rubutunsa a gilashin baya, an ja labule. Na zaro siririyar takarda da fensir, na taka bayan motar, na manna takardar ina bin gefen haruffan. Na gama uku, har ina yaba hannuna, sai labulen ya buɗe. Fuskar Lawali ce, tsakanin hancina da nasa gilashi kawai. Ashe yana ciki yana manna wani rubutun.

Ni dai ban sauka ba, ban kuma ci gaba ba. A haka masallata suka fito suka same ni.

Lawali ya zagayo, ya gaishe ni da ladabi (wanda ya fi zagi ciwo), ya duba takardar ya ce, "Malam, ka yi kusa. Tazara ce ta ɓace maka, tsakanin haruffan nan bai wuce faɗin tsinken ashana ba."

Wani direba ya ce, "Mi ka samu, Malam? Karan gero kake kwasa?" Tasha ta ɗauki dariya.

Washegari Lawali ya kawo mini haruffan duka a buge, manya-manya. Na so in ce ba na so, hannuna ya riga bakina. Da su nake aiki har yau, kuma har yau idan an yabe shi sai in canza magana. Darasin da na ɗauka dai guda ne: kafin ka saci fasahar mutum, leƙa ka ga ko yana cikin motar.