Muryar Kawu Nomau da Diskin da Ya Fi Ƙarfin Injinmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar shukar nan ba, kuma ko da ni na so mantawa, mutanen Filinge ba su da niyyar taya ni. Shekarar da sojoji suka karɓe mulki ce, ana jiran a koma zaɓe. Ina aiki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, ina karanta gaisuwa da sanarwar biki da cigiyar dabbobin da suka ɓace. Sai aka tura ni wani ɗan horo na kwamfuta a Yamai. Na dawo da takardar shaida, da tabarau (idona lafiyarsa ƙalau), da kalmomin Faransanci waɗanda ni kaina ban gama sanin ma'anarsu ba. Wani ya kira ni Injiniya da wasa, ni kuwa na amsa da gaske.

Kwamfuta ɗaya muke da ita, tsohuwa tukuf, wadda wasu masu aikin agaji suka bar mana da za su tafi. In ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama farkawa. Amma tana aiki. Matsalarta ɗaya ce: diskinta, wato rumbun da take adana komai a ciki, giga ashirin ne kacal, kuma ya cika maƙil. Kafin a sa sabuwar waƙa sai an share wata.

Akwai waƙa ɗaya da ba wanda ya isa ya share, ta Kawu Nomau, yayan mahaifiyata. Mawaƙin noma ne, ya rasu da daɗewa, kuma abin da ya rage na muryarsa a duniya shi ne waƙar shuka guda da aka taɓa ɗauka a kaset. An juye ta cikin kwamfutar, daga baya rikoda ta cinye kaset ɗin. Al'adar rediyonmu ita ce, ranar da ruwan fari ya sauka aka fita shuka, da waƙar nan ake buɗe tasha, kuma ba a sake sa ta sai baɗi. Matarsa, Inna Gambi, ita ta kafa wannan sharaɗi. Ta hana a tura wa kowa a waya, ta ce ba za a cusa mijinta tsakanin waƙoƙin Indiya ba. Kowace shekara takan zo da kanta ta zauna a benci a bakin ɗakin watsa shiri, ta ji mijinta sau ɗaya, ta tashi ta tafi gona.

To, ni Injiniya sai na ga rumbun giga ashirin bai dace da darajata ba. Na shawo kan darakta ya ba ni izini in je Yamai in sayo babba. Kafin in tafi har na sanar a iska, da bakina, cewa rediyonmu zai shiga sabon zamani, zai sami rumbun da zai ɗauke waƙoƙin ƙasarmu ta Kurfai kaf har a rasa abin zubawa. (Ba wanda ya tambaye ni. Cigiyar wata akuya nake karantawa na saka zancen a tsakiya.)

Rakiya, ɗiyar Kawu Nomau, taubashiyata, ta tare ni a tashar mota. Ta ce, “Injiniya, hadari ya fara haɗuwa gabas. Ka bari sai an yi shuka mana.”

Na ce mata, “Ke dai san dakanki. Wanga aiki na waɗanda sunka yi karatu ne.”

Ta ce, “Awo. Allah shi kiyaye hanya, mai karatu.”

Na kwance diskin kawai na sa a aljihu, don ba zan ɗauki wannan akwatin ƙarfe a cinya har Yamai ba. A shagon da na shiga, mai kaya ya jera mini sababbin diski iri-iri a tebur. Na yi abin da duk ɗan ƙasarmu ke yi in ya je sayen ragon layya: na nuna wanda ya fi girma. Giga ɗari biyu da hamsin. Mai shagon ya ce, “Injin naku wane iri na? Tsoho na ko sabo?” Na gyara tabarau na ce masa ya ji da cinikinsa, ni na san aikina. Bai ja ba, ɗan kasuwa ba ya faɗa da ciniki.

Sannan na yi wayon da ya ƙarasa ni. A wurinmu in za ka sake babur ko waya, ba ka komawa gida da tsohon, musaya ake yi ka ba da ciko. Na ce ya juye mini duk abin da ke cikin tsohon diskin zuwa sabon, ya riƙe tsohon ya rage mini farashi. Ya juye, ya kunna mini waƙar Kawu a injinsa na ji da kunnena, na bar masa tsohon na fito ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa. A mota har na ciro diskin na nuna wa wani makiyayi da ke zaune kusa da ni. Ya juya shi a hannu, ya ce bai ga inda ya fi wancan girma ba, tunda duk aljihu ɗaya ya ɗauke su.

Da asubar ranar da zan haɗa shi aka yi ruwa. Ruwa na gaske, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri, masu ƙananan rediyo sun rataya su a wuya suna jiran Kawu Nomau. Inna Gambi ta iso da sabon zane, Rakiya na riƙe da hannunta, ta zauna a bencinta. Bayansu kuma ga 'yan kallo, waɗanda sanarwata ta tara, sun cika taga suna son ganin sabon zamani.

Na ɗaura diskin, na haɗa wayoyi, na yi bismilla da ƙarfi don a ji, na danna. Injin ya yi ƙara, ya rubuta layi biyu farare a baƙin allo, ya tsaya cak. Na kashe na kunna. Layi biyu. Na cire na hura na mayar. Layi biyu. Na ce wa jama'a yana sabawa da sabon rumbu ne. (Ban san inda na samo wannan ƙaryar ba, amma wasu har sun gyaɗa kai.) Gumi ya sa tabarau ya riƙa zamewa daga hancina.

Na kira mai shago, kuma don gaggawa sai na bar wayar a buɗe kowa na ji. Ya sa na karanta masa sunan injin, sai ya yi dariya. Ya ce, “Ai shi ya sa nit tambaye ka. Irin wanga tsohon inji bai san diskin da ya wuce giga talatin da biyu ba. In ka ba shi wanda ya hi haka, ƙamewa shikai, ko tashi ba ya yi. Kayanka na ciki lahiya lau, amma sai injin zamani ka buɗe su.” Na ce to ya aiko mini da tsohon a motar farko. Ya ce tsohon ai tun jiya ya wanke shi ya sayar.

Wato muryar Kawu na nan a gabana, cikin rumbun da ya fi kowane rumbu girma a ƙasar Kurfai, kuma babu ƙofar shiga. Injin zamani mafi kusa da na sani yana Yamai. Ranar shuka kuwa ba ta jiran kowa.

Darakta ya dube ni irin kallon da ake yi wa akuyar da ta ci shuka. Mutane sun fara kiran waya daga gonaki. Ban iya duban bencin ba. Rakiya ce ta leƙo ta ce, “Taubashi, tunda kai ka rufe bakin Baba, sai ka ara mai naka. Ka san waƙar, gidanmu ka girma.” Na zaci wasa take yi, har na ga darakta ya tura mini makirfo ya kunna jar fitila.

Na rera. Ni da ko kiran salla ba a bari in yi a unguwarmu. Na fara da “Tashi ɗan Kurfai, ƙasa ta sha ruwa,” muryata ta tsage a kalma ta uku, na manta baiti na biyu na maimaita na farko, na cike gurbin ganga da buga tebur. An ce a wata gona wajen Tondikandiya mutane sun ajiye sungumi sun zauna a ƙasa don dariya. An ce wani ya kashe rediyonsa don kada iri ya ƙi tsira.

Da na fito, Inna Gambi na nan zaune, ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na durƙusa a gabanta. Ta gyara zanenta ta ce, “Tashi, ɗana. Na zauna da kawunka har Allah ya raba mu, kullum ina jin muryatai, amma ban san tana da daɗi haka ba sai yau da nij ji taka.” Ta kama hannun Rakiya suka nufi gona.

Daga baya na ɗauki akwatin ƙarfen nan a cinya har Yamai, wanda na ƙi ɗauka tun farko. Aka juye kayan cikin wani tsohon diski na hannu, giga ashirin, daidai inda muka tashi. Na je na gaya wa Inna waƙa ta dawo, ko tana so a sa mata. Ta ce ba a jin waƙar shuka gero na ga gwiwa, a bari sai baɗi in muna da rai. Ta jira shekara guda cur saboda ni.

Sojoji sun tafi, farar hula sun zo, an sake injin tuni, amma sunan Injiniya ya bi ni, sai dai yanzu da wata irin murya ake faɗinsa. Kuma duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa gabas, Rakiya kan zo rediyo da saƙon Inna: wai a gaishe ni, kuma don Allah kada in gyara komai. Masu magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni abin da na ƙara a kai shi ne, kafin ka sayo raƙumi, ka auna ƙofar gidanka, kuma kada ka ba da jakinka a musaya.