Bututun Tagulla da Guntun Kanya

Zulaihatu tana aji uku na firamare ta fara jin sunan kakanta. Ranar rabon taki ce a Tsanyawa, mai kiran suna ya ce, "Muhammadu Sani!" sai ga tsohon da duk gida ke ce wa Baba ya miƙe. Tun ranar ta riƙe sunan, tunda jika ce, ba mai hana ta.

Yanzu ta gama sakandare, shekaru kuma sun yi tsanani. Gona ta daina ciyar da gidan, har kanyar ƙofar ɗakin marigayiya kakarta Luba an sare an sayar wa masu itace. Tsohon, da yake masassaƙi ne, ya koma yin biro na katako da injin da ake juyawa da ƙafa, malaman Bici suna saya. Guntu ɗaya ya ɓoye daga kanyar. Ya riga ya huda shi, saura a manna bututun tagullar da ruwan biron zai zauna a ciki a ramin. In gam bai kama ba, icen zai tarwatse a kan inji, kuma babu wani.

Yau ta same shi a wurin aikinsa, bututun da ya ba ta ta goge yana hannunta. "Sannu da aiki, Muhammadu Sani. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Ni jiya aka yaye ni. Ina bututuna, amarya?"

"Amaryar da ko ɗankunne ba ta taɓa gani ba? Ungo. Rufe ido, kada ƙyallinsa ya ƙarasa maka ɗan ganin da ya rage."

Tsohon ya murza shi a tsakanin yatsunsa, ya sansana.

"Me kika yi masa?"

"Toka da tsamiya, yadda Inna take wanke tasoshinta. Na bi shi da man gyaɗa."

"Innalillahi! Man gyaɗa! To kawo yaji mana mu ci."

"Kai da tuwo ma sai an dama maka?"

"Shekara shida a sakandare! Da akuya na tura, da ta fi ki dawowa da ilimi."

"Da ta gudu tun zangon farko. Dusa gare ka?"

Ya yi dariya har da tari. "Gam ba ya kama santsi, Zulai. Wanke shi da sabulu, ki shanya, ki kankare shi da sanfefa sai ƙyallin ya mutu."

"In ɓata abin da na gyara?"

"Ɓata shi. Sai ya yi kaushi kamar fuskata."

"Wannan ai ba aikin sanfefa ba ne, sai shekara tamanin."

Ta wanke, ta shanya a kan dutsen niƙa, ta zauna tana kankarewa har tagullar ta dushe. Tsohon ya zaro dankali daga aljihu.

"Soka bakinsa a nan, ya toshe, kada gam ya shige ciki."

"Dankalin da nake nema tun safe! Ɓarawo!"

"Sauran naki ne. Lefenki ke nan."

Ya shafa gam, ya ɗauki bututun zai zura. Hannunsa ya kama rawa, bakin bututun yana ta kuskure ramin, gam kuwa ba ya jira. Zulaihatu ta daina dariya.

"Sanyi ne," in ji shi.

"Ƙwarai, sanyin bazara," ta ce a hankali. Ta ɗora hannunta a kan nasa, suka murza shi tare har ya shige duka.

Sai bayan la'asar ya zura ƙusa ya gwada tura shi. Ko motsi bai yi ba.

"Na sallama. Kin fi akuya."

"Yau kuma? Wane malamin ne mai rabon wannan?"

"Wannan ba na kasuwa ba ne. Naki ne, ke mai kiran sunayen kakanni." Ya shafa icen da babban yatsa. "Shekara hamsin da ɗaya muna tare da kakarki. Ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. In biron ya fito, sunanta za ki fara rubutawa. Sannan ki karanta min shi da ƙarfi, ke da ba ki da kunya."