Yadda Aka Kare Si Bushu'aib Daga Caca

Yau da safe uwargida ta miƙo mini kwando ta ce in sayo kifin sadin a bakin layi, wajen Si Bushu'aib. Na je na tarar da wurin fayau, babu babur ɗinsa mai ƙafa uku, babu akwatunan ƙanƙara, sai kuliyoyin da suka saba cin kan kifi suna zaune suna harara ta kamar ni na kore shi. Mai sayar da na'a-na'a ya ce, "Ai babur ya tafi, Si Abdulkabir. An sayar." Na koma gida da kwando wayam, na sha faɗa a kan laifin da ba nawa ba. Tunda ba ni da wanda zan huce a kansa, ku masu karatu ku yi haƙuri da ni.

Si Bushu'aib maƙwabcina ne a nan Kasablanka tun muna da gashi a ka. Mutumin kirki ne, ba ya tauye sikeli. Ciwonsa ɗaya: dawakin talabijin. A gidan shayin Haj Milud, inda ake yankar tikitin cacar sukuwa, ya san kowane doki da uwarsa da kakarsa, dokin da bai taɓa gani ido da ido ba, mai gudu a ƙasar da bai taɓa takawa ba. A can awarwaron auren matarsa Lalla Rukayya suka narke.

Amma da azumin bana, da aka sa ranar auren 'yarsa Najat, mutumin nan ya tuba. Da ƙafarsa ya je ya ce, "Haj, don girman Allah, ko da kuka na zo maka, kada ka sayar mini." Haj Milud kuwa ya riƙe amana. Si Bushu'aib har hanya ya sake don kada kunnensa ya ji ihun masu kallo. Kumatunsa suka ciko, muka fara jiyo dariyar Lalla Rukayya ta katanga.

Ana cikin haka sai manya suka ji tausayinmu. Aka ce za a yi Makon Caca Da Hankali, kuma a ƙofar Haj Milud za a buɗe shi. Aka share layin da rabonsa da tsintsiya tun zaɓe, aka shafa wa bakin titi fenti, aka shimfiɗa dardumai. Aka rataya ƙyalle mai sunan kamfanin cacar da ya ɗauki nauyin bikin, kowane harafi ya kai ƙofar gida. Can ƙasa an rubuta "Yi caca da hankali", ƙanana kamar kiyashi. Sai da na ari tabarau a kan tabarauna kafin na karanta.

Mai Girma Shugaban Kwamitin Tausaya Wa 'Yan Caca, Allah ya ƙara masa taushin zuciya da taushin kujera, ya iso da jerin motoci. Su ne suka tare babur ɗin Si Bushu'aib, ya kasa fita, ya tsaya yana jira ƙanƙararsa na zuba. Mai Girma ya yi jawabi har muryarsa na rawa, sannan ya ce yana son ya ga abin koyi, mutumin da ya san ya kamata. Wani mai shisshigi ya nuna maƙwabcina. Kafin ya ankara an ja shi gaban masu hoto, an miƙa masa kyauta: tikitin caca na kyauta daga kamfani. Wata budurwa mai murmushi ta karɓi wayarsa ta saka masa cacar a ciki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na daina."

Mai Girma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Shi ya sa! Irinku masu hankali muke so su riƙa yi." Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don mai gadin Mai Girma yana kallona.

Da tikitin ya faɗi, da mun gode Allah. Sai ya ci. Daga ranar ba ya buƙatar Haj Milud, tunda dawakin sun tare a aljihunsa. In ya kwana biyu bai yi ba, sai waya ta ce, "Mun yi kewarka, ɗan'uwa." Ni ƙanena na ciki ɗaya bai taɓa aiko mini da irin wannan saƙo ba.

Lalla Rukayya ta shigo gidana da lambar neman taimako da ke jikin ƙyallen. Ta ce, "Si Abdulkabir, kai ka iya magana da manya, kira mana su." Na kira. Aka sa mana kiɗa mai daɗi, wata murya ta ce damuwarmu damuwarsu ce, sannan ta sanar da mu garaɓasar sukuwar Lahadi. Shayinmu ya huce, kiɗa bai ƙare ba. Washegari baiwar Allah ta yafa mayafi ta tafi ofishin kwamitin. Aka ce mata 'yan kwamitin duka sun tafi ƙasar waje, koyon yadda ake kare masu rauni.

Ɗazu bayan la'asar na leƙa shi. Yana zaune a tsakar gida, ya tasa bango a gaba. Najat ta ƙwace wayar ta ba shi tsohuwa mai maɓallai, wadda ko hoton doki ba ta nunawa. Kuɗin biki sun bi dawaki, babur ma ya bi su. An ɗage biki zuwa baɗi. Gobe zai fara dakon akwatunan kifi a tashar jiragen ruwa, shi da yake saye a can yana ciniki da gadara.

Na ce, "Si Bushu'aib, Allah zai mayar."

Ya ce, "Babur zai dawo, in sha Allahu. Yarinyar nan ce, tun jiya ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Ita ta kawo mini shayi, amma ƙasa take kallo."

Kada ku ce ina sukar manya. Wane ni! Hoton nan na Mai Girma da maƙwabcina ya fito a jarida, an ce makon ya yi gagarumar nasara, kuma gaskiya ne, kamfani bai yi ƙorafi ba. Fentin bakin titinmu ma har yanzu yana nan.

Sai dai na ji an ce wata mai zuwa za su dawo da Makon Tausaya Wa Masu Ciwon Suga. Ni likita ya daɗe da hana ni zaƙi, don haka na roƙi uwargida ranar ta kulle ni a ɗaki ta tafi da makullin. Na san mutanen nan, da tiren alewa za su zo.