Ribas a Lungun Kurawa

Ba za ni taɓa mantawa ba da Juma'ar da na ce sai na gwada ɗana Sanusi kafin in ba shi makullin mota.

Ni dillalin hatsi ne a Sabon Birni. Da jaki na fara, na koma babur, da Allah ya buɗa na sayi mota. Direban da ke ɗaukar mini buhuna ne ya nuna mini giyoyin gaba a hanyar Isa. Ranar da za mu zo kan ribas kasuwa ta yi daɗi, na ce sai gobe. Shekara tara goben ba ta zo ba. Duk inda za ni tsaya sai na hango filin da za ni kewaya in fita da gaba. Garejin gidana ma ƙofa biyu gare shi (mutane na yaba tsarin, ni kuwa ban taɓa musa musu ba).

Da Sanusi ya cika sha takwas ya hana ni sakat, uwarsa tana taya shi tana cewa, "Alhaji, kullum kana Isa, wa zai kai ni asibiti?" Na ce mota ba keke ba ce. Akwai ɗaurin aure a Kurawa, shi zai tuƙa. In ya yi kuskure uku, ya haƙura sai baɗi.

Muka ɗauki Malam Buhari, wanda ya karantar da ni allo. Shi a gaba, ni a baya na saƙo kai tsakanin kujeru ina alƙalanci. Sanusi ya wuce dattawa a gindin bishiya bai rage gudu ya gaishe su ba, na ce ɗaya. Ya kauce wa rami ta hagu alhali ni ta dama nake bi, na ce biyu. Na ukun ya ƙi samuwa, yaron yana tafiya lafiya lau. Can ya ɗaga wa wasu manoma hannu, na ce uku, ya saki sitiyari.

"Alhaji, ai kai ka ce ya riƙa gaisuwa," in ji Malam.

Na ce da ka ake yi. Na karɓi mota.

Wa'azin natsuwa nake yi wa Sanusi har na kutsa lungun gidan bikin ban duba mafita ba. Zana ta hagu, zana ta dama, ga amalanken shanu maƙare da itace ya tare gaba. Can ƙofar gida kuma jama'a sun cika tabarmi, duk ido a kanmu.

Mai amalanken ya ce, "Alhaji, ja baya kaɗan. Shanun nan gaba kawai suka sani."

(Ashe mu uku ne a lungun, ni da shanun nan biyu.)

Na murɗa giya, mota ta yi gurnani ta zabura gaba, shanu suka firgita. Na sake. Ta yi baya kam, amma na juya sitiyari inda ba nan ba. Sai jin ƙarar kara na yi, zanar gidan ta kwanta gaba ɗaya. Ga mata zagaye da tukwanen tuwo, kowace da muciya a hannu tana kallona.

Wata tsohuwa ta ce, "Sannu Alhaji. Na maza ta ƙofa ake kai musu."

Gumi ya jiƙa mini hula. Sanusi ya fito ya zo tagata, bai ko murmusa ba. Da ƙarfi yadda kowa zai ji ya ce, "Baba, ƙafar nan ce ta motsa ko? Kawo in karɓa."

Lafiyar ƙafata ƙalau, amma da ɗingishi na fito. Ya dafa bayan kujera, ya waiwaya, ya zare motar har bakin hanya ko kara ɗaya bai taɓa ba.

A hanyar gida na tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce, "Duk gida an sani, Baba. Inna ce ta ce kada a faɗa." Malam dai carbinsa yake ja, kafaɗarsa na rawa don dariya.

Na biya sabuwar zana, na miƙa makulli. Abin da na koya shi ne, kafin ka sa wa yaro jarrabawa ka tabbata kai ka ci ta. Yanzu shi ke koya mini ribas a wani fili wajen Alkalawa, inda ba a san ni sosai ba. Ranar farko na yi kuskure biyar. Ya ce ba komai, shi ba ya cewa sai baɗi.