Kwana Bakwai Ina Neman Mai Ɗori

Ba zan taɓa mantawa da kakar da yayana Mamman ya faɗo daga kan rumbu ba, ko da yake mutanen unguwarmu sun fi tunawa da tawa faɗuwar. Lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta nufo Gusau, ni kuwa ina ɗinki a bakin kasuwa, ga gemu mai kyau, ga baki wanda ya fi gemun tsawo.

Mamman ya karye a ƙauri. Dattawa suka duba, suka ce wannan karaya sai Inna Ige, wata tsohuwa mai ɗori da ke zaune bisa dutsen Kwatarkwashi, cikin mutanen da har lokacin ba su sauko ƙasa ba. Aka ce wa zai je ya taho da ita? Kafin kowa ya buɗe baki na dafa ƙirji na ce ni. (Abu mafi tsawo da na taɓa hawa a duniya jaki ne, shi ma sai da aka riƙe mini shi.)

Hauwa matar Mamman ta ce, "To Malam, ka tahi yanzu don Allah, ƙahwar sai kumburi takai."

Na ce, "Hauwa, hawan dutse ba zuwa rijiya ba ne. Akwai tsari."

Ranar farko na yi ta ne wajen ɗinka riga mai auduga a ciki, don na ji an ce can sama akwai sanyi. Washegari na tafi Bungudu, wato na ba dutsen baya ke nan, na aro takalman hawan doki masu dogon wuya wurin kawuna. Da zan dawo na zaga ta bayan Gusau don kada Hauwa ta gan ni. Daga nan na miƙe sai Tsafe, wurin wani Garba da ya taɓa ɗaukar kayan Bature mai awon ƙasa suka hau duwatsu. Hanyar Tsafe kuwa ta gindin Kwatarkwashi ta bi. Na ɗaga kai na dubi dutsen, shi ma ya dube ni, na ƙara wa jakina sauri.

Garba ya ce hanya biyu ce. Akwai wadda mata ke bi da tuluna a ka, ta miƙe tsaye, hantsi ɗaya ka kai. Akwai kuma wadda ta zagaya, mai bukkoki uku na masu tsaron gona, ita Baturen ya bi, yana kwana a kowace bukka.

Na ce, "Ta Baturen zan bi."

Ya ce, "Shi fa awo yakai, shi ya sa yake kwana."

Ban ji wannan ba, ko in ce na ji na ajiye shi gefe. Na haɗa guzuri kamar mai zuwa Makka a ƙasa: kilishi, dakuwa, ƙuli-ƙuli, gorar ruwa biyu, tabarma, bargo, buta, igiya, har da laima.

Rana ta shida na soma hawa. Kafin rana ta yi zafi na isa bukkar farko, jiƙe sharkaf da zufa cikin rigar auduga. Daga nan ina jin muryar matar da na bar wa ajiyar jaki tana korar kaji. Amma tsari tsari ne. Na shimfiɗa tabarma, na ci kilishi, na kwana.

Da safe na kai bukka ta biyu. An gama girbi, masu tsaro sun tashi, bukkar ta koma hannun waɗanda ake tsaron dominsu. Ina kwance jaka ke nan sai haske ya ragu. Na waiga, ga wani ƙaton gwaggon biri zaune a bakin ƙofa, yana kallon kilishina kamar shi ya ba ni ajiya. Bayansa kuma ga iyalinsa. Na jefa masa jakar gaba ɗaya, na fasa ciyawar bayan bukka na fita da gudu.

A nan na gane takalmin hawan doki don doki aka yi shi. Ina taka falalen dutse ƙafafuna suka bar ni. Na sulale rubda ciki, na ji wandona ya kece tun daga mazagi har gwiwa (ni na ɗinka shi, ba ni da wanda zan zarga), hannuna ya cafko saiwar wani itace, ƙafafuna suna reto a iska. Na runtse ido gam. Na yi kalmar shahada. Sannan na shiga wasiyya da iyakar muryata: duk wanda ya ji ni ya gaya wa Mamman na mutu a hanyar nema masa magani, almakashina a ba wane, wanda na taɓa rage wa ƙyalle ya yafe mini. Har sunayensu na jera.

Sai na ji murya a bayana, kusa ƙwarai.

"Bawan Allah, mi kaka yi nan?"

Na ce, "Ku kira maza! Ku kawo igiya!"

"Sauke ƙahwarka, ga ƙasa nan."

Na buɗe ido ɗaya. Tsakanin takalmina da ƙasa bai kai kamu ɗaya ba. Ashe sulalewar nan a kan hanyar mata ta sauke ni. Ga su nan su bakwai ko takwas da kaya a ka, sun tsaya a bayana, daidai inda wandon ya rabu, wasu sun toshe baki da gefen zane. A gabansu wata 'yar tsohuwa ce mara takalmi, da sanda da ƙullin magani.

Don in nuna ni ma namiji ne, maimakon in sauke ƙafa sai na yi tsalle. Na dira a kan tsakuwa, idon sawuna ya ce ƙas.

Tsohuwar ta durƙusa, ta zare takalmin ta dube shi, ta dube ni. "Daga ina?"

"Gusau. Inna Ige nake nema, yayana ya karye."

Ta ce, "Kai na telan da anka ce ya tahi kirana tun ran Laraba?"

Ita ce. Daga gidanmu ma take dawowa. Ashe da Hauwa ta ga kwana biyu shiru, sai ta ba wata mai tallan daddawa saƙo, tsohuwar ta sauko ta je da ƙafarta, ta ɗora Mamman, ta zauna har kumburi ya saɓe.

Ta ce, "Da kai munka jira, da yanzu sai dai a yanke ƙahwar." Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar sauran zafi. Ta ja ƙafata, na yi ƙarar da ta sa birai suka amsa.

A kan gadon kara maza huɗu suka sauko da ni, an rufa mini zanen wata mata. A gida aka shimfiɗa mini tabarma kusa da Mamman. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari. An ce har ka bar mini wasiyya." Mutum uku kuwa suka zo da kansu su ji batun ƙyallensu.

Na warke kafin Mamman, amma shi aka daina yi wa jaje da wuri. Yanzu da na tsufa na san abin da ya same ni: tsoro ne ya sa babbar riga ya yi ta kiran kansa shiri, ɗan'uwana yana kwance yana nishi. Kuma ina ba kowa shawara, kafin ka soma tona asirin kanka da ƙarfi don ka ga mutuwa, ka buɗe ido ka duba ƙasa tukuna.