Rasuwar Ɗan Kogi, Wanda Aka Shafe Bango Da Shi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu take tafarfasa, malamin ilimin siffar ƙasa yana sanar da ɗalibansa na intanet rasuwar abokin aikinsa, Ɗan Kogi, wanda ya bar duniya ranar Asabar ba tare da ko ciwon kai ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, tsohuwar durowa ce da Malam ya shimfiɗa wa leda, ya cika ta da yashin da ya tankaɗe da hannunsa, ya ɗora ta a karkace kan teburin falo. Ruwa yana sauka daga jarka mai huji, ɗis, ɗis, yana ratsa yashin, wayar Malam kuma tana rataye a sama tana nuna wa ɗalibai.

Kafin zuwansa, Malam shi kaɗai yake ta surutu. Ɗalibai kashe kyamara suke yi su tafi wanki, har shugaban sashe ya ce zai rufe kwas ɗin. Marigayin ne ya dawo da su. Bai taɓa neman data ba, bai taɓa fushi don an ɗauke wuta ba. Cikin natsuwa yake zaizaye wannan gaɓa ya ajiye yashi a waccan, yana lanƙwasa kamar mai rubuta sunan masoyiyarsa. Zangon karatu guda ya yi yana wannan aikin. Ƙasar da ta rage tsakanin lanƙwasarsa biyu ba ta fi faɗin yatsa ba. Ranar Talata, a darasin ƙarshe, ake sa ran zai huda ta, ya bar ɗan tafki mai kama da jinjirin wata. Shugaban sashe ya ce zai shiga ya gani kafin ya yanke hukunci.

Ajali ya zo ne lokacin da Malam ya fita sayen tiyo. Yayansa, wanda ya zo kwana biyu ya share watanni, wanda kuma yake kiran aikin ƙanensa wasan ƙasa, ya kira magini ya toshe tsagar bangon banɗaki. Yashin maginin ya gaza. Yaya ya nuna falo da leɓe. Matar Malam tana ɗakin girki ta ji sautin marigayin na ƙarshe: ƙwarr, ƙwarr, bakin shebur. Malam ya dawo ya tarar an wanke durowar tas an kife, Yaya yana zaune yana jiran godiya.

Marigayin ya bar jarka mai ɗiga a banza, da ɗalibai marayu, da kwas da ke kwance rai a hannun Allah. Ya kuma bar Yaya, wanda har yanzu yake cin abincin Malam har da ƙari.

Ba za a yi masa wanka ba, an riga an kwaɓa shi. Ba za a haƙa kabari ba, an binne shi a tsaye.

Za a yi zaman makoki ranar Talata a lokacin darasi, kowa ya kunna kyamararsa, har da shugaban sashe. Malam zai rataya waya a gaban bangon. Maginin bai gyara wani bututu da ke yoyo a cikin bangon ba, kuma tun jiya wata siririyar hanyar ruwa ta fara lanƙwasa a kan sabon shafen. Malam ya hana kowa taɓa ta. A bayan bangon katifar Yaya take.